Da a Ce Ana Haihuwar Kowa da Sunan Rabin Ransa a Hannu

Masu iya magana sun ce matar mutum kabarinsa. Ma'anar a fili take: wadda aka rubuta maka ba mai aurenta sai kai, kamar yadda ba mai shiga ramin da aka tanadar maka. Sai dai akwai rabin zancen da ba a cika tsayawa a kansa ba, wato ba wanda ya san inda kabarinsa yake. Ayar ƙarshe ta Suratu Luƙman ta faɗa ƙarara cewa rai bai san ƙasar da zai mutu a cikinta ba. Karin maganar ta haɗa tabbas da ɓoyuwa ke nan, kuma ɓoyuwar ce ta sa take da daɗin faɗa. Da ita ake rarrashin wanda aka kasa, da ita ake taya wanda ya samu murna, kuma kullum sai bayan abin ya faru ake jawo ta.

Akwai wani reshe na ƙagaggun labarai, irin waɗanda ake ginawa a kan tambayar "da a ce", wanda ya riƙe tabbas ɗin ya yar da ɓoyuwar. A duniyar waɗannan labarai kowa yana da rabin ransa, mutum ɗaya tak, kuma akwai hanyar gane shi. Wani marubucin yakan sa a haifi jariri da suna rubuce a wuyan hannunsa. Wani yakan dasa agogo a fata yana ƙirga kwanakin da suka rage kafin haɗuwa. Wani kuma yakan sa mutum ya tashi yana ganin duniya fari da baƙi, sai ranar da ya haɗa ido da nasa launuka su buɗe. Galibi labarin yakan tsaya a kan masoya biyu, a bar sauran jama'a kamar ba abin da ya shafe su. A nan ake tafka kuskure. Mutane sun daɗe da yarda cewa aure nufi ne na Allah, don haka ƙaddara ba sabon abu ba ce a cikin labarin. Sabon abu shi ne ƙaddarar da ake iya nuna wa alƙali, kuma da zarar ta fito fili ta tashi daga abin da ake haƙuri da shi ta koma takardar shaida.

Tsofaffin labaran da tunanin ya samo asali daga gare su sun fi na yanzu wayo a wannan gaɓar. Aflaton, masanin falsafar Girka, a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, ya sa a bakin Aristofanis, marubucin wasan barkwanci, cewa mutanen farko mulmulallu ne masu hannu huɗu da ƙafa huɗu da fuska biyu, sai Ziyus, babban abin bautar Girkawa, ya tsaga su don ya karya girman kansu, kowane rabi ya shiga neman ɗan'uwansa. Bai ba kowa alamar ganewa ba. A Talmud, kundin koyarwar malaman Yahudawa, an ce kwana 40 kafin a siffanta ɗan tayi wata murya daga sama take sanar da cewa 'yar wane ta wane ce, amma muryar ba a kunnen iyaye take sauka ba. Labarin da aka buɗe sirrin a cikinsa na ƙasar Sin ne, daga zamanin daular Tang: wani saurayi mai suna Wei Gu ya gamu da tsohon da ke ɗaure ƙafafun ma'aurata da jan zare, tsohon ya nuna masa wata yarinya 'yar shekara uku a hannun wata matalauciya mai sayar da ganye, ya ce ga matarka. Abin da saurayin ya fara yi shi ne tura bawansa ya soke ta da wuƙa. Bayan shekara 14 ya auri wata mai tabo tsakanin girarta, ashe ita ce. Mutum ɗaya aka nuna wa rabonsa, kuma jini ya zuba. Marubucin da zai nuna wa biliyan 8 nasu ya kamata ya fara lissafi daga nan.

Lissafin da ba ya fita

Kafin a kai ga masallaci ko coci ko kotu, sai an fara daidaita adadi, domin nan ne yawancin irin waɗannan duniyoyi suke rushewa. Masana ƙidaya sun kiyasta cewa mutanen da aka taɓa haifa sun kai kimanin biliyan 117, kuma masu rai sun cika biliyan 8 a Nuwamba 2022 bisa lissafin Majalisar Ɗinkin Duniya. Idan ana zaɓar rabin rai daga duk 'yan Adam ba tare da la'akari da zamani ba, mafi yawan mutane nasu ya mutu tun kafin a haifi kakanninsu, ko kuma bai zo ba tukuna. Dole marubuci ya sa ƙa'idar cewa su biyun suna raye a lokaci guda.

Mu ce ya ƙara sassauci, tazarar shekarunsu ba ta wuce biyar sama ko ƙasa. Ana haihuwar jarirai kusan miliyan 130 a shekara. In an cire waɗanda suka rasu, zangon shekara goma zai ba da mutum wajen biliyan 1.2, rabinsu, miliyan 600, ɗaya jinsin ne. Wanda yake haɗa ido da sababbin fuskoki goma a kullum daga cikin wannan rukuni, ba fashi, har shekara 60, zai ga mutum 219,000. Raba ka gani: damarsa ɗaya ce cikin kusan 2,700. Kuma tunda fiye da kashi ɗaya bisa uku na mutanen duniya a Indiya da Sin suke, kowa a ko'ina yana da babban zato cewa nasa yana can, yana jin wani yare, yana bin wani addini. Saboda haka ko dai ƙaddarar ta ɗauki nauyin haɗuwar ita ma, ko ta riƙa zaɓe a cikin maƙwabta, ko kuma a samu duniyar da kusan kowa yake mutuwa da sunan baƙo a hannunsa.

Sai gurguwar ƙidaya. A bisa ɗabi'a ana haihuwar maza wajen 105 a kan kowace mace 100. A cikin haihuwa miliyan 130, rarar maza ta haura miliyan 3 a duk shekara, waɗanda ba su da wadda za a rubuta musu. Mutuwar yara ta fi wannan muni. A mafi yawan tarihi kusan rabin yara ba sa kaiwa balaga, wato a cikin waɗanda suka rayu, rabi sun zama gwauraye tun suna yara. Ko a 2022 yara miliyan 4.9 ne suka rasu kafin su cika shekara biyar. Me ke faruwa da alamar wanda nasa ya rasu? In ta goge ta bar fata fayau, an samu wani rukuni na mutane da kowa zai gane su da kallo ɗaya. In wani suna ya maye gurbin na farko, to ba mutum ɗaya tak ba ne, zancen ya canja gaba ɗaya. Malaman Talmud sun ci karo da irin wannan a wurin da suka kawo maganar kwana 40, domin akwai wata magana da ta ce ana haɗa mutum da mace ne gwargwadon aikinsa. Suka sasanta da cewa auren fari na ƙaddara ne, na biyu na aiki. Dabara ce da marubuci zai iya ara.

Kowace irin alama da tata ɓarakar. Suna a fata yana buƙatar rubutu, alhali rubutu bai wuce shekara dubu biyar da 'yan kai ba, ɗan Adam kuwa ya yi wajen dubu 300. Me ke hannun mutane kafin nan, kuma da wane harafi ake rubuta wa wanda nasa yake wata nahiya? Sunaye kuma suna maimaituwa: masu sunan zuriyar Wang kaɗai a Sin sun kai wajen miliyan 100. Ga kuma hanyar zamba mafi sauƙi, wadda ba ta buƙatar allura ko tawada: a leƙa hannun jaririn attajiri, a je a raɗa wa jaririyar gida sunan da aka gani. Cikin zuriya ɗaya masu hali za su fara naɗe hannun 'ya'yansu tun daga ɗakin haihuwa, ungozoma ta zama mai riƙe da sirrin da ake saye da tsada, wuyan hannu ya shiga cikin al'aura.

Agogo ya fi haɗari, don yana fallasa abin da ba a tambaye shi ba. Wanda agogonsa ya nuna saura shekara 12 ya haɗu da nasa, an tabbatar ba zai mutu cikin shekara 12 ba. Rundunar soja shi za ta tura gaba, kamfanin haƙar ma'adinai shi zai sa a rami mafi zurfi, kamfanin inshora zai sayar masa da araha har ranar da agogon ya kai sifili, washegari kuɗin ya yi tashin gwauron zabo. Na launuka kuwa a cikin kai yake, ba mai ganinsa sai mai shi, don haka ƙarya tana da sauƙi, har sai an tuna cewa tun 1917 wani likitan ido ɗan Japan, Ishihara, ya ƙirƙiro allunan ɗigo-ɗigo na gwada ganin launi. Allunan za su koma teburin ɗaurin aure. Sana'o'in da ke buƙatar bambance ja da kore, kamar haɗa wayar lantarki da tuƙin jirgi, za su zama na waɗanda suka dace kawai.

Wa ke riƙe da rajista

Tunda haɗuwa da ka ba ta yiwuwa, za a buɗe rumbun tattara alamomi, kuma duk wanda ke riƙe da shi, gwamnati ce ko kamfani, ya riƙe wuyan jama'a. Yana iya jinkirta wa ɗan adawa sakamakonsa, yana iya sayar da layin gaba, yana iya cewa ba a samu ba alhali an samu. Iyakokin ƙasashe ma za su shiga uku. Ƙasar da ta amince cewa alama tana ba da izinin zama ta buɗe ƙofa ga miliyoyi da ga masu jabu. Wadda ta ƙi kuma ta fito fili tana raba abin da jama'arta suka yi imani sama ce ta haɗa.

Kada a ɗauka gani zai kori ji a wurin masu mulki. Jamus ta haramta aure tsakanin Yahudawa da sauran Jamusawa a 1935, Afirka ta Kudu ta haramta shi tsakanin farare da sauran jinsuna daga 1949 zuwa 1985, kuma sai a 1967 kotun ƙolin Amurka ta rushe irin wannan doka a jihohin da suka rage da ita. Gwamnatocin nan suna ganin mutane suna son juna, hakan bai hana su ba. Da alama ta bayyana a hannun ɗan mai mulki da sunan 'yar waɗanda ake dannewa, abin da za a yi shi ne a kira ta cuta, a nemo likitan da zai ƙone ta, a hukunta ungozomar da ta yi magana.

Mafi muni shi ne abin da zai sami kalmar "a'a". Sashe na 16 na Sanarwar Haƙƙin Ɗan Adam ta 1948 ya ce ba aure sai da cikakkiyar yardar su biyun. To yarinyar da aka zo mata da hannu ɗauke da sunanta, ta duba mutumin ta ga mashayi ne ko mai duka, da wane baki za ta ƙi? Ibn Hazm na Andalus, wanda ya rasu a 1064, ya bayyana so a matsayin haɗuwar sassan rayuka da aka rarraba, kuma shi da kansa ya kawo ƙalubalen: in haka ne, me ya sa wani yake so ba a sonsa? Ya amsa cewa ran wanda ba ya so a lulluɓe yake da labulen ɗabi'un duniya, bai ji ɓangarensa ba tukuna. A littafin adabi amsa ce mai kyau. A bakin mai naci kuwa ta zama "kina sona, ba ki dai sani ba", kuma a wannan duniyar yana da fata da zai nuna wa 'yan sanda.

Inda malamai za su rabu

A Musulunci imani da ƙaddara rukuni ne, amma ba a kafa hujja da ita don barin aiki. Da sahabbai suka tambaya ko su dogara ga abin da aka rubuta, amsar ita ce su yi aiki, kowa ana sauƙaƙa masa abin da aka halicce shi dominsa. Da Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, Abu Ubaida ya ce gudun ƙaddarar Allah ake yi? Ya ce muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Duk wannan ginin ya tsaya ne a kan cewa bawa bai san abin da aka rubuta masa ba. Hadisin da ake yawan jawowa, cewa rayuka runduna ce da aka tara, waɗanda suka san juna su saba, waɗanda ba su sani ba su saɓa, masu sharhi sun fassara shi a kan jituwar mutane gaba ɗaya, na kirki da na kirki, ba a kan mace ɗaya ga namiji ɗaya ba.

Don haka tambayar farko da za ta tashi ita ce daga ina alamar take. Wasu za su ce aya ce daga ayoyin Allah, su karanto aya ta 21 ta Suratur Rum, wadda ta ce halittar ma'aurata tana cikin ayoyinsa. Wasu za su ce leƙen gaibi ne, hukuncinta hukuncin zuwa wurin boka. Na uku za su ce jarrabawa ce kamar kyau da dukiya, tana nan amma ba ta wajabta komai. Ina ganin malaman fiƙihu a nan za su taru, don suna da abin kwatance. Sun taɓa tattauna ƙiyafa, wato tabbatar da nasaba ta hanyar duba kamannin jiki, kamar yadda Mujazziz ya dubi ƙafafun Zaidu da ɗansa Usama ya ce waɗannan daga juna suke. Shafi'iyya da Hambaliyya sun karɓe ta, Hanafiyya suka ƙi. Alamar hannu za ta bi wannan layin, ta zama manuniya a wurin wasu, ba hujja ba. Waliyyi da shaidu da sadaki da yarda suna nan inda suke.

Rikicin a ɗaiɗaikun fatawoyi zai fito. Sunan da ya bayyana na matar wani ne, ko na wadda aka sha nono ɗaya da ita, ko na wanda ba a halatta aure da shi ba saboda bambancin addini. Mai mata huɗu da suna ɗaya a hannu, yaya zancen adalci, kuma yaya sauran ukun za su kwana? Wanda ya je aka kankare masa alamar, ya canja halitta ne ko ya cire cuta? Sannan ga Barira, wadda aka 'yanta ta zaɓi rabuwa da mijinta Mugis, yana bin ta a titunan Madina hawaye na zuba a gemunsa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi masa ceto, ta tambaya ko umarni ne, ya ce ceto ne kawai, ta ce ba ta da buƙatarsa. A duniyar alama wannan ruwayar za ta zama garkuwar duk mai son ƙi, kuma masu ɗaukar alama a matsayin wahayi za su sha wahalar kauce mata.

Kirista ma ba za su huta ba. Masu alama za su riƙe maganar Linjilar Matta cewa abin da Allah ya haɗa kada mutum ya raba, a mayar musu da wata daga littafin guda, inda aka tambayi Yesu matar da ta auri 'yan'uwa bakwai ta wa za ta zama, ya ce a tashin matattu ba a aure ba a aurarwa. A dokar Cocin Katolika yardar ma'aurata ce ke ƙulla aure, kuma tun 1139 aka ɓata auren limaman cocin Yamma. Saurayin da yake jin an kira shi hidimar coci ga kuma sunan mace a hannunsa, kira biyu ke nan daga wuri ɗaya, kuma akwai wata can da zaɓinsa ya mayar gwauruwa ba ta ji ba ta gani ba. Haka sufayen addinin Buddha da suka bar aure don yanke ɗamfaruwa da duniya.

Game da marasa alama kuwa, tarihi ya nuna inda za a dosa. Max Weber, masanin zamantakewa ɗan Jamus, a rubutunsa na 1904 zuwa 1905, ya yi bayanin yadda Kiristoci mabiya koyarwar malaminsu Kalbin, da suka yarda an riga an zaɓi masu tsira amma ba su san ko suna ciki ba, suka shiga neman alamun zaɓen a cikin nasarar sana'arsu. In mutane sun yi haka da alamar da ba a gani, ina ga wadda ake gani? Fayau ɗin hannu za a karanta shi a matsayin fushin Ubangiji, a hana mai shi limanci da shugabanci, ko kuma wata ɗariƙa ta juya zancen ta ce su ne waɗanda Allah ya keɓe wa kansa. Masu fassara kuma za su yi kasuwa. A al'adar duban taurari ta Hindu ana auna dacewar ma'aurata da maki 36, ana neman aƙalla 18, kuma akwai masu cin abinci da wannan lissafi. Alamar da ta ɗan dushe ko harafinta ya karkace za ta haifar da irinsu a kowane gari.

Saura tambayar da marubuta suka fi gudu: me alamar ta yi alkawari? In zaman lafiya ta lamunce, labari ya mutu, don ba sauran abin da za a ba da. In haɗuwa kawai ta lamunce, to za a samu ma'auratan ƙaddara da ba sa ga maciji, kuma ba mai sauraron kukansu, tunda ba a kai ƙarar rabo. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Raymond Knee, ya nuna a 1998 cewa masu ɗaukar soyayya a matsayin abin da ko dai an dace ko ba a dace ba sun fi saurin janyewa idan farkon bai yi daɗi ba, masu ɗaukarta abin da ake renonsa kuma sun fi tsayawa su gyara. Duniyar alama za ta tura kowa rukunin farko, sannan ta toshe masa ƙofar fita. Waɗanda suka gaji da jira suka auri wanda suka samu kuma, aurensu zai zama na wucin gadi a idon kowa, 'ya'yansu su tashi suna sanin cewa ranar da wani baƙo ya buga ƙofa gidan zai iya watsewa. Doka sai ta faɗi ko bayyanar mai alama dalilin raba aure ne, da kuma wanda zai ci gado tsakanin matar shekara 30 da wadda sunanta ke hannun mamacin ba su taɓa haɗuwa ba.

Wasu marubutan sukan nemi tsira ta hanyar jinkirta alamar, su ce sai bayan an zauna tare take fitowa. Tsugune ba ta ƙare ba, domin yanzu ma'aurata za su riƙa duba hannu kowace safiya, shekara biyar, shekara goma, dangi suna tambaya ko ta fito. In kuma aka kai ta can ƙarshe, aka ce sai rai ya fita take bayyana, an dawo da ɓoyuwar ga mai ita amma an ɗora nauyin a kan masu wankan gawa. Su ne za su fara ganin ko sunan da ya fito na matar da ke kuka a ɗaki ne ko na wata, magada za su tare su a bakin ƙofa, kuma dole a yi dokar da za ta faɗi mutum nawa aka yarda su ga hannun kafin a rufe shi da likkafani.